Motar da Na Saya Sau Biyu

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. A kasuwar Balbeji tambaya, a gidan suna tambaya, har a wurin gaisuwar mutuwa wata ta matso ta raɗa mini: "Zuwaira, wai da gaske kin kai yayanki gaban ƴan sanda?" To, na gaji da ba da labari gutsure-gutsure kowa yana ƙara masa nasa gishirin. Ga shi nan daga farko. Mai niyyar zagina ya gama ji tukuna.

Wanda bai san ni ba, cuku da hatsi nake sayarwa, ina bin kasuwannin Balbeji da Gangara da Tanut. Shekara da shekaru a bayan motocin mutane nake, a kan buhuna. Direba ya ga dama ya ɗauki kayana, ya ga dama ya ɗora wa cukuna buhun gishiri in tarar da shi gari. Mijina ya rasu ya bar ni da ƴaƴa mata uku. Da aka zo rabon gado, amalanken da na saya da gumina aka jera cikin kayansa, don duk unguwa "amalanken Malam" ake ce masa. Na yi magana daga ɗakin takaba, aka ce ina shaida? Ba ni da ita. Ranar na yi wa kaina alkawari, duk wani babban abin da zan sake saya, da sunana zai zauna a rubuce, don kada a yi wa ƴaƴana abin da aka yi mini.

Da na sayar da shanuna na ce mota zan saya, mutane suka ce in ba wani dillali a Damagaram ya kawo mini. Na ce a'a. Na ga wanda aka kawo wa mota tana walƙiya, ko Bakin Birji ba ta wuce ba ta kwanta. Ƙafata ƙafar kuɗina. Sai Yaya Lawali ya ce shi zai kai ni. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni, kuma a tuƙin manyan motoci ya yi furfura. Lokacin ba a rufe gadar Gaya ba.

Guzurina gumba ce da dabino da cuku mai yawa. Kuɗin kuwa na ɗinka musu jaka na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane, na cusa katin shaidata a ciki. Wannan dabara ta ba ni wahala. Daga Damagaram zuwa Dosso, duk shingen jandarma da aka ce a fito da kati, sai na sauka na zagaya bayan mota na kwance ɗamara, fasinjoji suna jira. A Dogon Dutsi wani tsoho ya ce, "Baiwar Allah, ciwon ciki ne ke damunki?" Na ce, "Eh, Baba, irin wanda ba a so ya warke." Yaya ya juya kai kamar bai san ni ba.

A Gaya muka haɗu da wata Bazabarma ƴar kasuwa mai suna Fati, ita ta riƙe hannuna muka taka gada. Ni da na saba da tafkin da ke ƙafewa kafin sanyi ya fita, ban yarda na dubi ruwan nan ba, ƙeyar Fati na yi ta kallo har muka tsallaka. A ɗaya gefen aka nemi katin rigakafi, nawa yana nan daram, na Yaya ne ya ɓata cikin aljihunansa, ya yi ta zazzage goro da carbi da tsofaffin takardu a kan teburin mutane. Na ce masa, "Yaya, da ka ɗinka ɗamara." Bai yi dariya ba.

A Paraku muka tsaya cin abinci. Fati ta saya mini cukun Fulanin can, jiƙaƙƙe, mai jan baya, an soya shi an tsoma a miya. Daɗi dai akwai, amma ina amfanin cukun da ba zai yi wata biyu a jaka ba? Na ciro namu na miƙa wa mai abincin. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta tambayi Fati wai na jiƙawa a yi wanki ne? Raina ya ɓaci. Na karya na sa mata a baki da hannuna. Ta tauna, ta tauna, sai ta miƙo hannu a ƙara mata.

Kwatano gari ne da ba a tafiya a hankali. Mata suna tuƙa babur da kaya a gaba, goyo a baya, ba mai ko waiwayensu. A Balbeji da mace ta yi haka, sai an kai maganar masallaci. Man fetur a kwalabe a bakin hanya kamar man gyaɗa. Iska kuwa jiƙaƙƙiya, na wanke zane ya kwana biyu bai bushe ba, cukuna da ya saba da rana ya fara fitar da gashi-gashi, na zauna ina kankarewa da wuƙa ina jin haushin garin. Mun sauka a unguwar Zango, gidan wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Katsina. Hausarsa ta sha ruwan teku, amma mutumin kirki ne. Matarsa, da kowa ke kira Iya, ta kawo mini tuwon masara da miyar manja. Na sa hannu na ciro wani abu mai ƙafafu da ƙahonni, na yi salati na jefar, na ce kunama a miya! Iya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ƙaguwa ce, wai don girmama baƙuwa ta sa mini mafi girma.

Filin motocin yana bayan gari, ido ba ya ganin ƙarshensa. Kafin mu sauka daga babur dillalai sun yanyame mu, wannan ya ja rigar Yaya, wancan yana kirana Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Abin da nake nema mota ce mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira bashe. Ta farko da aka nuna mana fara ce ƙal, wallahi da na gan ta zuciyata ta gama saye. Aka murɗa makulli ta tashi nan take. Yaya ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ya ce, "Wa ya ɗumama ta kafin mu zo?" Dillali ya ce rana ce. Yaya ya ce to, gobe da safe za mu dawo, kada kowa ya taɓa ta. Da muka dawo ta yi ta tari, hayaƙi shuɗi ya rufe mu. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashinta, ya soka wani tsinken ƙarfe, tsatsa ta zubo masa a gemu. Ya ce a ƙasashen sanyi gishiri suke zubawa a hanya, shi ke cin mota daga ƙasa, fenti kuma ba ya faɗa.

Ta biyu injinta lafiya lau. Yaya ya ba ni takardarta, don na yi yaƙi da jahilci ina iya karatu, ya ce in karanto masa lambar shasi, wato lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar. Ina karantawa yana bi da yatsa. A kusa da ƙarshe na ce takwas, ya ce uku. Na sake dubawa na ce takwas. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce mu tafi. Dillali ya biyo mu yana rantsuwa kuskuren mai rubutu ne, za a gyara. Yaya ya ce, "A gyara wa wani."

Sai a kwana na huɗu muka samu. Koriya ce, fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta lotsa, ba wanda zai waiwaye ta. Yaya ya duba mai, ya duba ruwa, ya dubi yadda robar birki ta cinye ya gwada da tafiyar da agogonta ya nuna, ya zagaya da ita fili, ya sa kunne kamar mai sauraren cikin mara lafiya. Lambarta ta yi daidai da takarda harafi da harafi. Ya ce, "Wannan za ta ga auren jikokinki." Ina faɗar wannan ne don kowa ya ji: ba don Yaya Lawali ba, da farar nan na kwaso, da yanzu kaji ke kwana a cikinta. Ban taɓa musun haka ba.

Ga inda na yi wautata. Mai masaukinmu ya gargaɗe mu kada mu ba dillali ko sisi a hannu, a ofishin mai filin ake biya a karɓi takarda. Da safe na kwance ɗamara na ba Yaya kuɗin. Da muka isa ƙofar ofis, maza suka shiga, ni kuwa na nemi inuwa na zauna a kan benci. Ba wanda ya ce in zauna. Ƙafafuna ne suka yi abin da suka saba. A kasuwar dabbobi ta Tanut haka muke yi, mace ta miƙa wa namiji igiya ta koma gindin bishiya, sai an gama a zo a faɗa mata. Kuma ina ƙanwa za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da yayanta ana ƙulla ciniki? Na zauna ina cin dabino ina murna, katina yana ɗaure a ƙuguna, ban ko tambayi kaina me ya sa ba a neme shi ba.

Sauran takardun wani mutum ne ya bi mana su, tiranziter suke ce masa, aikinsa ke nan fito da mota daga hannun hukuma. Ya haɗa komai a wata jakar leda ya ba Yaya. Motocin da za su Nijar a ayari suke tafiya da rakiyar ma'aikata, muka bi layi. Ranar na fara zama a gaban mota. Taya ta fashe mana kusa da Kandi, Yaya ya canza ta yana waƙar direbobi ta zamaninsu, ni ina riƙe masa kusoshi a gefen zane. Ban taɓa jin daɗin zama da shi kamar a wannan hanyar ba.

A ofishin duwan na Gaya, wato kwastan, aka tara mu a rumfa ana kira ɗaya bayan ɗaya. Wata ma'aikaciya mai kaki ta leƙo ta ce, "Mai koriyar bashe!" Na miƙe da sauri har mayafina ya zame. Ta dubi takarda, ta dube ni.

"Hajiya, ke ce Lawali?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Na karɓi takardar na duba da idona. Sunan Yaya ne, a ta farko, a ta biyu, a ta uku. Ma'aikaciyar ta ja ni gefe, Allah ya saka mata da alheri, ta ce mini duk takardar da za ta biyo baya wannan sunan za ta bi, har katin mallakar mota, wanda suke kira kartagiriz. Na ce to kuɗina ne. Ta ce takarda ba ta san wannan ba. Ta ce hanya ɗaya ce: in an gama da duwan a Damagaram, kafin a buga katin, ya rubuta takardar cewa ya sayar mini, ya sa hannu a komisariya, ofishin ƴan sanda, a buga hatimi.

Da muka koma mota na tambaye shi. Ya ce, "Sun ce a kawo kati, naki yana can inda sai an yi kwance-kwance, na ba da nawa don a rage wahala. Suna ne kawai. Ni da ke wa ya raba?" Na san gaskiya ya faɗa, ba da wata manufa ya yi ba. Daga Gaya har Damagaram abin yana cina, shi yana ta ba ni labarin hanyoyi.

Mun sauka a unguwar Birni ta Damagaram, gidan ƙanwar mahaifiyarmu, Inna Hajo. Bayan la'asar suna zaune a tsakar gida ana dafa shayi, na zo na durƙusa na faɗi abin da ma'aikaciyar ta ce. Yaya ya ajiye kofi.

"In sayar miki? Ni?"

"A takarda kawai, Yaya."

"In je gaban ɗan sanda in sa hannu ba zan ci kayan ƙanwata ba. Ni da na sayar da rigata ta Salla na saya miki gado ranar aurenki."

Inna ta ce, "Ke Zuwaira, ina kunyarki ta tafi? Mutumin nan ya bar gonarsa ya bi ki har bakin teku. Tashi ki ba shi haƙuri."

Ban tashi ba. Na ce, "Inna, ba shi nake tsoro ba. Yaya ko allurata ba zai ci ba, na sani. Amma yana da ƴaƴa maza bakwai. Ranar da babu shi, aka zo rabo aka ga sunansa a kati, da me ƴaƴana za su tsaya? Su ce Kawu ya ce suna ne kawai?"

"Au, mutuwa kike kira mini?"

"Ni ma zan mutu, Yaya. In na riga ka ma maganar ɗaya ce."

Ya ce zai tara ƴaƴansa ya faɗa musu da bakinsa. Na ce Malam ma ya sha faɗa da bakinsa amalanke nawa ne, waɗanda suka ji suna zaune aka raba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Kwana uku muka yi a gida ɗaya ba ya amsa gaisuwata. An gama da duwan, saura kati. Wani mai bin takardu na garin ya zo sau biyu yana cewa a ba shi takardun ya kai a buga katin, abu ne na kwana kaɗan. Na ce ba inda za a kai. Inna ta aika aka kira wani malamin unguwa ya yi mini nasiha a kan zumunci. Na saurara har ya gama, na yi godiya, na tambaye shi ko addini ya hana a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ya gyara rawani ya ce a'a, an ma so a rubuta. Inna ta ce ba don wannan ta kira shi ba. Na ce motar ta ruɓe a inda take in ta ga dama, ba za ta shiga Balbeji da sunan wani ba. Ina faɗa ina jin tsoro, don ban taɓa ƙin maganar Yaya ba tun da aka haife ni.

A rana ta huɗu da hantsi ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Bai dube ni ba, ya ce, "Taso."

A komisariya aka ba mu takarda aka cika, aka manna tambur. Ɗan sandan ya jera katunanmu biyu a tebur, ya ce, "Alhaji, na ga sunan mahaifinku ɗaya. Ƙanwarka ce?"

Yaya ya ce, "Mai saye ce. Rubuta."

Ya sa hannu. Ya zaro makullin motar daga aljihu ya ajiye a kan teburin, ba a hannuna ba. Daga nan tasha ya wuce, ya hau motar haya zuwa gida. Na tsaya riƙe da takardar, hatimin bai ko bushe ba. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Sauran ni kaɗai na bi su. Na kai motar wurin gwajin lafiya da wani direba da Inna ta samo mini, don duk fushinta ba ta bar ni a titi ba. Na yi asurans, wato inshora. Na je ofishin kati aka ce hotona bai yi ba, na koma aka sake. Na dawo aka ce mai sa hannu ya fita, na shimfiɗa mayafi a bakin ƙofa na zauna har ya dawo. A wannan karon duk ƙofar da maza suka shiga na shiga, duk kujerar da suka zauna na zauna. Ranar da katin ya fito ban bar wurin ba sai da na karanta sunana sau uku, na gwada da katin shaidata, sannan na fita na durƙusa gefen motar na bi lambar shasi da yatsa. Ma'aikacin da ya ba ni katin ya ce, "Hajiya, ba ki yarda da mu ba ne?" Na ce, "Na yarda da ku, ɗana. Dubawa nake."

Na shiga Balbeji ranar kasuwa. Ƴaƴana suka yi guɗa, maƙwabta suka fito, amma labari ya riga ni zuwa. Wai na kai yayana ƙara. Wai kuɗi ya shiga kaina. Matan Yaya suka daina aiko mini da ƙosai. Na je gidansa sau biyu da goro da sukari, ya amsa sallama daga ciki, bai fito ba.

Masu tambayata ko na yi nadama, ga amsa: ban yi ba. Wautata ɗaya ce, zaman da na yi a kan bencin nan. Ke da za ki saya, ko mota ce ko fili, ki shiga ɗakin da ake rubutu, ko babanki ne a ciki. Da na shiga, da ban rasa komai ba.

Makon da ya wuce muna kan hanyar Gangara da kaya, rana ta take, na hango mutum yana tafiya a ƙasa da sanda, buhu a kafaɗa. Tun daga nesa na gane tafiyarsa. Na ce wa direba ya tsaya. Na sauka da kaina na buɗe ƙofar gaba, na durƙusa a cikin yashi na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Ya dubi tayoyin, ya karkata kai yana sauraren injin, na ga bakinsa ya motsa kamar zai ce wani abu a kai, ya fasa.

Na ce, "Yaya, shiga mu ƙarasa."

Ya ce, "Motar mutane ce."

Na ce, "Tawa ce, Yaya. Shi ya sa na isa in tsayar da ita."

Ya gyara buhunsa ya ci gaba da tafiya. Na jira har ya yi nisa ko zai waiwayo, bai waiwayo ba. Na shiga na ce wa direba ya ja. Na yi kuka har Gangara, na share fuskata a bakin kasuwa, na sauke kayana.